Ana sa talla a bidiyona, ni kuwa ban ga ko kwabo ba

TAMBAYA: Malam, ni baduku ne, ina ɗinka jaka da takalmi da fatar jan akuya. Shekara guda ke nan ina ɗora bidiyon aikina a wani dandali, mabiyana sun kai ɗari shida. Talla na fitowa kafin bidiyon ya fara, amma ko sisi bai shigo mini ba, ga kuɗin data. Ina kuɗin ke zuwa? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Ɗan'uwa, ba ka faɗi dandalin ba, to bari in ɗauki YouTube. A 2018 ya kafa ƙa'ida cewa ba zai raba kuɗin talla ba sai da wanda ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. A ƙarshen 2020 kuma ya sauya sharuɗɗa, ya ba kansa damar sa talla a bidiyon waɗanda ba su cika wannan ƙa'ida ba, ya riƙe kuɗin duka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan kam ban ga adalci a cikinsa ba: kai ka yanka fata, kai ka sayi data, kai ka jawo masu kallo.

Ko ka cika ƙa'idar, kashi 55 cikin ɗari ne rabonka, kuma ba a turo maka sai ya taru ya kai dala 100. Ga wani abin da ba a cika gaya wa mutanenmu ba: farashin talla ya danganta da inda mai kallo yake. Kallo dubu daga Sakkwato ko Birnin Konni bai kama ƙafar dubu daga Amurka ba, na Amurkan ma sai an cire haraji.

Ka kiyayi sa waƙar wani a bayan bidiyo, ko da ta ɗan lokaci ce. Na'urarsu na ganewa, kuɗin sai ya koma ga mai waƙar.

Shawarata, kada ka zauna jiransu. Rubuta lambar WhatsApp ɗinka da farashin kowace jaka a ƙarƙashin kowane bidiyo, ka riƙa nuna ɗinkin da kyau a kusa. Cikin mutum ɗari shidan nan akwai masu neman jakar fatar Sakkwato, kuma cinikin nan dandali ba ya da kaso a ciki.