Farin akwatin da ke bayan bajin makaranta

Yaro, na ga saƙonka da hoton da ka turo. Ka ce bajin makarantar nan ta Ƙauran Namoda fes yake a wayarka, amma da ka ɗora shi kan koriyar banar walimar sauka sai ya fito cikin farin akwati kamar faci a sabuwar riga, alhali shugaban makarantar ya tabbatar maka PNG ya turo, wato irin fayil ɗin hoto da ke iya zuwa ba tare da baya ba. Kana tambayar ina matsalar take, kuma yaya za ka raba shi da akwatin. Madalla da ka dakata kafin fleks, robar da ake buga bana a kai, ya hau inji.

Kada ka ɗauka malamin ƙarya ya yi maka. Mai yiwuwa PNG ne a wayarsa, amma ta WhatsApp ya turo a matsayin hoto, shi kuwa WhatsApp matse hoto yake yi ya mayar da shi JPEG. JPEG tun da aka fito da shi a 1992 don hotuna irin na kamara aka yi shi, ba shi da inda zai rubuta cewa nan wurin babu komai. Dole kowane ɗigo cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton ya ɗauki launi, don haka sai a cike bayan da fari, wani lokacin ma da baƙi. PNG yana da wannan damar: ban da launin ɗigo, yana ajiye bayanin ko a gan shi, ko a ga abin da ke ƙarƙashinsa, ko rabi da rabi. Abin da ya sa ba ka lura a waya ba, farin baya kake kallo a kan farin allo. Fari a kan fari ba ya tona kansa.

Saboda haka abu na farko, kira shi ka ce ya sake turowa a matsayin dokumen. In da hali ma ka tambaye shi wa ya zana musu bajin tun asali, don galibi fayil ɗin CorelDRAW, manhajar zane, yana nan kwance a kwamfutar wani shago, nan Gusau ko Sakkwato. Kati kaɗan za ka ƙona a waya ka huta da aikin awa guda.

Kuma ko fayil ya zo da sunan PNG, kada sunan ya ruɗe ka. Akwai waɗanda ake saukewa daga Google masu darar nan ta gida-gida fari da toka-toka a baya, wadda Photoshop, manhajar gyaran hoto, ke nunawa idan wuri fanko ne. Da yawansu zana darar aka yi a jikin hoton. Na taɓa ganin allon wani shagon magani an buga shi da ita raɗau a bayan tambari, mai shagon kuwa ya ɗauka ado ne. Gwajin da ba ya ƙarya guda ne: ka zana jan murabba'i, ka tura shi ƙarƙashin tambarin. In ja ya leƙo ta ko'ina har ta cikin ramukan haruffa, bayan ya fita. Daga nan ka canja jan zuwa baƙi ka sake dubawa. Ni ban yarda wani tambari ya bar teburina ba sai ya hau ja ya hau baƙi.

To idan babu asalin fayil, sai cirewa da hannu, kuma nan ne yara ke tafka ɓarna. Buɗe bajin nan ka dube shi da kyau. A tsakiyarsa akwai buɗaɗɗen littafi mai fararen shafuka, ga kuma farin rubutu a kan zoben da ya kewaye shi. Wannan farin na bajin ne, shi ma launi ne kamar kore da ruwan ɗorawar da ke jiki. Farin da ke waje da zoben shi ne baƙo. Idan ka ɗauki Magic Wand, sandar Photoshop mai zaɓo launi iri ɗaya, ka cire alamar da ke kan Contiguous, wadda ke tsayar da zaɓin a kan farin da ke haɗe da inda ka taɓa, duk wani fari da ke hoton zai kwasa, ka goge, shafukan littafin su tafi. A kan koriyar bana sai ka wayi gari da littafi mai korayen shafuka, kuma wallahi abin da malaman za su fara gani ke nan tun daga ƙofa. Idan kuma ka bar alamar, na waje kaɗai zai ɗauka, sai sunan makarantar da ke ƙasan bajin ya rage da fari maƙale a cikin cikin kowace a da o da d. Waɗannan sai ka riƙe Shift ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Manhajojin waya masu cire baya da taɓawa ɗaya suna ƙoƙari a hoton mutum, amma a baji ba su san wane fari ne ɗan gida ba. Kada ka miƙa musu wuya ba tare da ka duba ba.

Bayan ka goge, ka matso da hoton kusa sosai, ninki 3 ko 4, a kan baƙin nan. Za ka ga wani siririn farin zare ya bi gefen zoben. Ɗigogin bakin gaɓa ne da suka gauraya da farin baya, ba su cika fari ba balle sandar ta kama su. A sikirin ba su da wani girma, amma a bana mai ƙafa 10 mai wucewa a kan babur ma zai hango su. Maganinsu, kafin ka goge ka faɗaɗa zaɓinka da ɗigo 1 ko 2 ya ɗan ci cikin zoben, ko ka yi amfani da Defringe, umarnin Photoshop mai share irin wannan zaren, bayan gogewa.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe. Wannan bajin da aka turo maka faɗinsa bai wuce ɗigo 500 ba. A ƙa'idar bugun takarda, ɗigo 300 a kowane inci, hakan bai kai inci 2 ba, santimita 4 da 'yan kai ke nan. Ya isa katin shaidar ɗalibi. Ka ja shi ya kai ƙafa ɗaya a bana, kowane inci ya tashi da ɗigo 40 da ɗoriya, gefensa ya zama haƙoran zarto. Duk wahalar da ka sha wajen cire baya ba za ta gyara wannan ba. Abin da ya dace shi ne ka shigar da shi Corel, ka kulle shi, ka sake zana shi a kai da layi: zobe biyu, littafi, alƙalami, rubutu. Zanen layi ba shi da baya tun fil azal, siffofin da ka zana kaɗai ne a wurin, kuma ka mayar da shi girman katanga ba zai fashe ba. PowerTRACE na Corel, mai mayar da hoto zanen layi da kansa, yana taimakawa a tambari mai sauƙi, amma yana lanƙwasa ƙananan haruffa, rubutun Larabci kuwa ya kan haɗiye ɗigoginsa, harafi ya koma wani daban, ko ya ɓace gaba ɗaya. Wannan da hannunka za ka sake rubuta shi, ka kai wa wanda ya iya ya karanta, sannan ka danna Ctrl da Q ya zama zane don kada ya canja a kwamfutar da ba ta da irin harafin.

Wajen ajiyewa, ka duba inda aikin zai je. PNG launin sikirin kawai ya sani, wato RGB, ba ya ɗaukar CMYK, launukan tawada huɗu na injin bugu. Injin fleks da injin buga riga suna karɓarsa, manhajar injin ta juya launin da kanta. Amma idan makarantar ta dawo tana son kalanda ko takardar shaida da za a yi wa faranti huɗu, ɗaya ga kowane launi, ka mayar da bajin CMYK da kanka ka ajiye a fayil ɗin PSD na Photoshop ko na TIFF mai riƙe da fankon baya, ka ga yadda koren zai dusashe tun a gabanka. PDF kuma iri-iri ne, irin da ake kira X-4 yana barin fankon yadda yake, X-1a yana daddanne komai wuri ɗaya. Ka tambayi mai injin wanda yake so. In ka sa inuwa a ƙarƙashin tambari, ka tabbata shafin duka launi iri ɗaya yake bi, don cakuɗa RGB da CMYK kan sa wani dishi-dishin akwati ya fito kewaye da inuwar, koren cikinsa daban da na waje.

Na san za su nemi riguna ma, ɗaliban sauka ba sa rasa wannan, to bari in faɗa maka tun yanzu. Injin fleks ba shi da farar tawada. Duk inda ka ga fari a bana, jikin fleks ɗin ne aka bari. DTF kuwa, injin buga riga, yana da ita, kuma shimfiɗa ta yake yi a bayan duk wani ɗigo da ya tarar a fayil. Ka bar farin akwati, zai buga maka shi cif, ya manne a ƙirjin yaro yana hana iska shiga a wannan zafi namu na watan Afrilu. Ka bar ɓurɓushin da ido ba ya gani, su ma su fito fari-fari a baƙar riga. Inuwa mai laushi da gefe mai dusashewa ba sa yin kyau a wurinsa, gefe mai kaifi yake so, don haka a fayil ɗin riga ka cire inuwar ɗungurungum. Bugun kofi da farar riga ta roba, wanda ake gasawa da zafi, shi ba shi da fari sam, farin abin da aka buga a kai ne ke fitowa. Shi ya sa ba ma karɓar irinsa a kan baƙin yadi komai naci.

Banar ba za ta shiga inji yau ba. Kira malamin tukuna. In asalin bai samu ba kafin la'asar, ka zauna ka zana, ka fitar min da kala uku: mai cikakken launi, baƙi zalla, da fari zalla don yadi mai duhu. Ka buɗe folda da sunan makarantar ka zuba CDR, wato fayil ɗin Corel, da PDF da babban PNG a ciki, ka kwafa a filas. Kuɗin zanen daban ne da na bana, ka gaya masa tun kafin ka fara, ka kuma ce za mu ba shi fayilolin ya riƙe. In ka gama, ɗora bajin kan ja ka turo min, a matsayin dokumen.