Tsohuwar Kwamfutar Shagona: In Gyara Ko In Sauya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada, Kaduna. Kwamfutar teburina Core i3 ce ta 2013 mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 4GB, ta yi nauyi har kwastomomi suna gajiya da jira. In kashe mata kuɗi ko in nemi wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. In dai aikin bai wuce Word da buga takardu ba, kada ki yi saurin rabuwa da ita. Mafi yawan nauyin nan daga tsohon faifan ajiya mai juyawa yake. A cire shi a sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, ko mai 256GB ne, za ki ga ta tashi kafin ki gama shimfiɗa takarda a firinta. Sai a kai RAM zuwa 8GB. Irin taki RAM nau'in DDR3 take ɗauka, kuma na hannu ba ya wuyar samu wajen masu kayan kwamfuta a titin Ahmadu Bello. Ki ce a kakkaɓe mata ƙurar hunturu ma, don zafi yana rage mata gudu.

Amma ki tsaya nan. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa sai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ta Intel zubi na 8 zuwa sama, taki kuwa ba ta wuce zubi na 4 ba. Don haka ni ba zan sayi sabon allon uwa (babban allon da ke haɗa kayan cikinta) ko firosesa dominta ba. Idan kuɗin gyaran ya doshi rabin farashin tokumbo mai zubi na 8, ki sayi tokumbon, ki haɗa da UPS (na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta a kunne na ɗan lokaci) saboda ɗauke wutar nan tamu.