Mene ne amfanin ƙawancen jami'o'i?

Tambaya: Malam, me ƙungiyar ARUA take yi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ƙawance ne na jami'o'in Afirka masu zurfafa bincike, an ƙaddamar da shi a Dakar a 2015. Jami'o'in Legas da Ibadan da Ile-Ife suna ciki. Manufarsa ita ce a yawaita masu digirin digirgir, a kuma yi binciken matsalolin nahiyar a gida.

Jami'a ɗaya takan riƙe cibiyar wani fanni, kamar Legas da batun rashin aikin yi, sauran su turo masanansu. Inda ake tuntuɓe shi ne kuɗi: in tallafin waje ya ƙare, aiki yakan tsaya. Shi ya sa muke ganin wajibi ne gwamnatocinmu su sa hannu.