Kafin ka sayi batir na biyu, duba ƙwayayen fitilunka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce batirin tirelar da kuke kwana a ciki ba ya kai dare na biyu in kun yi zango a daji inda babu wutar jonawa, kana tambaya ko batir za ka ƙara ko fitilu za ka mayar LED. Ni dai da fitilun zan fara, don na sha wannan wahalar.

Ciro ƙwai ɗaya daga fitilar rufi ka duba lambar da ke gindinsa. Galibi 921 ne ko 1141, kuma kowanne yana jan kusan amp ɗaya da rabi a kan bolt 12. Mu guda 6 muke kunnawa, awa 4 kowane dare, an tashi wajen amp-awa 35 ke nan (amp-awa shi ne ma'aunin cajin da batir ke riƙewa). Batir mai ruwa na amp-awa 100 kuwa rabinsa kawai ake so ka ci in kana so ya yi ƙarko. Me ya rage wa famfon ruwa da cajin waya? LED mai irin haskensu bai wuce amp 0.2 zuwa 0.3 ba, wato dare guda wajen amp-awa 5 zuwa 7 kawai zai ci maka.

Ba sai ka canza gidan fitilar ba, ƙwan kawai za ka sauya da mai gindi iri ɗaya. Kashe ka bari ya huce tukun. Ni da zafinsa na damƙa, yatsana ya tashi. Da na duba murfin robar ma, tsakiyarsa ta yi ja ta fara narkewa. In ka sa sabon bai kama ba, kada ka ce lalatacce ne, in 921 ne juya shi ka mayar, wasu ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta.

Inda na yi asara shi ne araha. Na kwaso masu sauƙin kuɗi, ba a jima ba suka fara ƙyafta ido, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ashe bolt 12 ɗin nan suna ne kawai. Lokacin da sola ko caja ke cika batir, wutar tana hawa har 14.4, su kuma ba su da abin daidaita ta. Nemi waɗanda aka rubuta bolt 10 zuwa 30 a jikinsu. Su ma wasu suna sa rediyo shuu, saboda haka sayi biyu ka gwada kafin ka saya da yawa. In makunninka mai rage haske ne, tabbatar ƙwan ya dace da shi.

Sai launi. Na farkon 6000K ne (K ɗin ma'aunin launin haske ne), fari fat, maiɗakina ta ce kamar an kwantar da ita a asibiti. Yanzu 3000K muka sa wajen gado da wurin zama, 4000K a kan murhu.

Amma fa in kana kwana da hita a kunne, fankarta kaɗai ta fi duk fitilun LED ɗinka a haɗe cin wuta, a nan ne maganar ƙarin batir ko sola za ta taso. Mu da ba ma kunna ta, batirin nan guda yana kai mu kwana 3. Wace lamba ka gani a gindin naka ƙwan?