Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan laya da cacar ƙwallo

Salama ɗan'uwa. Ka ce kakarka ta ɗaura maka laya don sa'ar kasuwa, kuma kana yin addu'a kafin ka yanki tikitin cacar ƙwallo, kana tambaya ko laifi ne. Da yawanmu a nan mun san zafin wannan ramin, shi ya sa ba zan ɓoye maka ba.

Buɗe Ishaya 65:11. Allah yana tuhumar waɗanda suka shirya wa Gad abinci, suka cika wa Meni ƙoƙon ruwan inabi. Gad gunkin sa'a ne, Meni na ƙaddara. A aya ta 12 ya ce ya kira ba su amsa ba. Layar nan da tikitin nan duk teburin Gad ne.

Tikitin ma ka yi lissafinsa. In ka haɗa wasa 10, ko da kowanne rabi da rabi ne, damar cin duka ɗaya ce cikin 1,024. Wasa ɗaya zai yanke, ka ce saura kaɗan, gobe ka ciwo bashi ka koma. Abin da ya fi ƙona mini rai masu sayar da mai da hankici da sunan annabci, suna gaya wa matasa wai ga ƙungiyar da za ta ci. Sun karɓi kuɗin marayu, sun karɓi kuɗin makarantar yara, ba kunya! Ko macijin tagulla da Musa ya ƙera, da mutane suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya farfasa shi ya yi (2 Sarakuna 18:4). To balle kwalbar mai.

Ka goge manhajar cacar yau, ka ba matarka ko wani dattijon ikilisiya katin bankinka na wata uku. Layar kuwa kada ka ajiye ta a ƙasan akwati wai ka daina sawa. Ranar da ciniki ya tsaya hannunka zai koma can. Ka kai wa fasto, a ƙone ta a gaban shaidu, kamar yadda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihiri da kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19).

Kakarka kuma kada ka zage ta. Don ƙauna ta ba ka. Je ka durƙusa ka gaishe ta, ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a waje.