Wane Takalmi Zan Saya Don Hunturun Kanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatu a Winnipeg ta ƙasar Kanada, zan isa a watan Disamba. An ce akwai jiran bas a waje, kuma ina so in haɗa da aikin kai saƙo gida-gida. Wane takalmi ya kamata in saya, kuma in saya daga gida ko sai na je?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sa a tafi a sa'a. Bari sai ka je. Takalman da ke kasuwanninmu ba don Winnipeg aka yi su ba, garin da sanyinsa kan wuce digiri 30 ƙasa da sifili a watan Janairu.

Abin da za ka riƙe shi ne, takalmi ba ya samar da zafi. Ɗumin ƙafarka yake tsarewa, kuma iskar da ke tsakanin ƙafa da takalmin ita ke wannan aiki. Shi ya sa matsattsen takalmi, komai tsadarsa, sai ya ci amanarka: ya kore iskar, ya kuma hana jini zagayawa zuwa yatsu. Ƙara rabin lamba ko lamba guda a kan wadda ka saba sawa. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka riƙa sawa. Yatsu su motsa a sake, amma kada dunduniya ta riƙa ɗagawa in kana tafiya.

Sai shafin ciki. Za ka ga an rubuta giram 200, 400 ko 600, musamman a masu Thinsulate, wani nau'in shafi mai riƙe ɗumi. Nauyin shafin ke nan a kowace murabba'in mita. Giram 200 na mai tafiya ba tsayawa ne a sanyi mai sauƙi. Kai da za ka haɗa tafiya da tsayuwa, 400 ya fi maka. Daga 600 zuwa sama na wanda zai wuni a tsaye ne wuri guda. In ka yi ta kai-kawo da shi, gumi zai jiƙa ka, kuma jiƙaƙƙiyar ƙafa ta fi saurin daskarewa. Lambar "-40" da ake liƙawa kuwa, wato digirin sanyin da aka ce takalmin zai jure, kada ka dogara da ita sosai, don kowane kamfani da yadda yake nasa awon.

Mu dai mun fi son wanda shafinsa ke cirewa, irin waɗanda kamfanonin Sorel, Kamik da Baffin ke yi, saboda kana iya zare shi ya bushe kafin safiya. Safa ta zama ta ulu. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ka bar ta a akwati. Kuma safa ɗaya mai kauri ta fi biyu da za su matse ka.

Juya takalmin ka duba ƙasansa, don sanyi mai yawa ta nan yake shigowa. Nemi roba mai kauri, mai zurfin zane, wadda ba ta ƙagewa a sanyi. Tsawonsa ya wuce idon sawu, kamar santimita 20, kuma ya kasance ruwa ba ya ratsa shi. Ranar da ƙanƙara ta yi santsi, akwai 'yan ƙusoshi na ɗaurawa a ƙasa, amma cire su kafin ka shiga gini, don a kan tayil sun fi ƙanƙarar kayar da mutum.

Kada ka shanya shi a jikin hita; fatar za ta tsage, gam ɗin ya saki. Cusa masa tsohuwar jarida. Gishirin da ake watsawa a titi yana cin fata, sai ka goge da ruwa haɗe da ruwan khal.

In yatsunka suka daina ji ko fatarsu ta koɗe ta yi tauri, shiga ɗaki nan take. Kada ka murza, kada ka gasa a wuta. Tsoma su a ruwa mai ɗumi kamar digiri 37 zuwa 39, sannan ka nemi likita.