Cutar Fakinson: Me Za a Saya, Me Za a Bari?

Mahaifinmu ya shekara 3 yana shan Sinemet, maganin Fakinson na asibiti. Mun ga tallar wani garin ganye a Facebook, wai yana warkar da karkarwa cikin wata uku. Mu saya mu dakatar da na asibiti?

Kada ku kuskura. Cutar nan daga ƙwaƙwalwa take: ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali, shi ya sa jiki ke sandarewa, tafiya ta yi nauyi, hannu ya riƙa rawa. Har yau babu maganin da ke dawo da su. Sinadarin lebodofa da ke cikin magungunan Sinemet da Madopar giɓin kawai yake cikewa, amma yana cikewa sosai. Duk wanda ya ce muku zai warkar, aljihunku yake kallo, kuma abin yana ƙona mini rai, domin masu neman lafiyar iyayensu ake cuta. Wasu garin ma da gaske akwai lebodofa a ciki, sai dai ba a san ko nawa ne a cokali ba, yau ya yi yawa, gobe ya gaza. Mafi muni shi ne yanke magani farat ɗaya: jiki na iya ƙagewa, zazzaɓi mai zafi ya taso, hankali ya gushe, har a rasa rai. Ku sayi Sinemet na gaskiya a kantin magani mai rajista. Ku duba ƙarfinsa a kwali, misali 25/100, da lambar rukuni da ranar lalacewa, su yi daidai da na jikin takardar ƙwayar. Ku sayi sabo tun da sauran na mako guda a hannu. A ba shi minti 30 kafin abinci, don nama da madara na rage shigarsa jini, a kuma raba shi da maganin ƙarin jini da awa 2.

Mahaifiyata tana cewa tana ganin mutane a ɗaki da dare. Ina cikin tsoro. In saya mata maganin barci?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, wannan sananne ne a cutar, wani lokaci ma maganin ne ke jawo shi. Kada ki yi mata gardama, ki zauna kusa da ita, ki kunna fitila mai sanyin haske don inuwa ta ragu. Kada ki sayi komai da kanki. Magunguna irin su Haldol na taɓin hankali, da Stemetil da Maxolon na amai, suna toshe dofamin, sai su ƙara sandarar da ita. Ki kai ta wurin likita a makon nan, a duba fitsarinta, domin ciwon mafitsara kan rikita tsofaffi. Allah ya ba ta lafiya.

Kujerar tausa mai lantarki za ta gyara ƙwaƙwalwa?

Malam, tausar baya ina ruwanta da ƙwaƙwalwa? Kai kuɗin wurin mai gashin ƙashi, ya koya maka motsa jiki.

Tun da aka ɗora maigidana kan Mirapex yake kashe kuɗi ba lissafi, har da caca a waya.

Hajiya, ba halinsa ne ya lalace ba. Mirapex da Requip, magungunan Fakinson, sun shahara da sa mutum ya kasa danne sha'awarsa. Faɗa wa likita komai ba tare da kunya ba, zai rage masa maganin a hankali. Kafin nan, ku yi shawara katin banki ya dawo hannunki.